Makullin Kabad Ya Tafi Sakkwato

Duk tsawon shekarun da na yi ina aikin malamin gona, babu ranar da ta tsaya mini a rai kamar wata Talata a farkon noman rani na madatsar ruwan Bakolori, lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Ina ƙaramin ma'aikaci, aikina in raba wa manoma iri da taki da maganin ƙwari, in nuna musu yadda ake feshi. Ƙauyukan da aka ba ni har da Dosara.

Maganin yakan zo a duro-duro daga ƙasar waje. Rubutun jikinsa ba Turanci ba ne, babu mai iya karanta shi a cikinmu. Lamba kawai muke dubawa. Bayanin kowace lamba, da illarta ga jikin mutum, da abin da za a yi in ta taɓa wani, suna cikin wani littafi na Turanci, kwafi ɗaya tak. Shugaban sitonmu, Alhaji Bawa, ya kulle shi a kabad ɗin ofishinsa a Talata Mafara. Sau uku ina roƙonsa in duba. Amsarsa ba ta canzawa.

"Malam Sani, wanga littafi ni na sa hannu na karɓe shi. In ya ɓace, kai za a tambaya ko ni?"

Ranar da nake ba ku labari, da hantsi na isa Dosara na tarar da mutane sun taru a bakin gonar albasar Malam Iro, wani manomi mai iyali da yawa wanda ni na ba shi magani a kwalba kwana biyu kafin nan. Da hannu ya dama shi, ya yi feshi iska na dawo masa da shi a fuska. Yana kwance, zufa ta jiƙa rigarsa, yawu na dalala, jikinsa na karkarwa. Ƙanensa na ƙoƙarin ɗura masa nono. Na hana, muka sa shi a motar ɗaukar taki sai asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.

Mai kula da wurin Sista Rahila ce, Kirista, wadda aiki ya kawo ta yankinmu. Ta sa aka cire masa riga aka wanke shi da sabulu, ta duba idonsa, sannan ta juyo gare ni.

"Wane magani ne?"

Na faɗa mata lambar duron.

"Malam, lamba ba ta gaya mini komai. Ina da allurar da nake zato, amma in ba irin gubar ba ce, zan ƙara masa wahala. Ka kawo mini sunan abin da ke ciki."

Ni da na raba maganin, ban san sunansa ba.

Na hau babur na nufi Mafara. Ranar kasuwa ce, hanya cike da jakuna da amalanke. Da na isa ofis aka ce Alhaji Bawa ya tafi taro Sakkwato, makulli na aljihunsa. Akawu na zaune. Sai da ya gama gaishe ni tsaf, gida da aiki da gajiya, sannan ya ce in rubuto buƙata, shi kuma zai ajiye ta a tebur har Alhaji ya dawo ranar Alhamis.

Na ce, "Mutum na mutuwa!"

Ya ce, "Allah shi ba shi lafiya. Amma ni ba ni da izini."

Na fita, na ari ƙarfen cire taya wurin direbanmu, na dawo na ɓalle kwaɗon kabad ɗin. Akawu na ta salati. Littafin na nan cikin ledarsa, ko buɗe shi ba a taɓa yi ba. Wannan ya fi komai ɓata mini rai. Wata takwas muna raba guba, bayaninta na nan a naɗe.

Da na koma asibitin da shi, Sista Rahila ta buɗe shafin lambar, ta karanta layi biyu, ta ce zatonta daidai ne. Ta yi masa allura, ta sake yi bayan ɗan lokaci. Kafin la'asar numfashinsa ya daidaita. Ya rayu, amma ya yi makonni bai iya riƙe fartanya ba, albasar kuma ta lalace.

Ranar Alhamis Alhaji Bawa ya dawo. Bai tambayi Malam Iro ba. Takardar tuhuma ya ba ni, kan lalata kwaɗon gwamnati. Na amsa a layi uku. Kafin in mayar da littafin kuwa, na riga na kwafe abin da ya shafi magungunan da muke rabawa, na mai da shi Hausa. Limamin Dosara ya rubuta shi da ajami, ya karanta wa jama'a bayan Juma'a: kar a dama da hannu, kar a yi feshi ana fuskantar iska, kar a zuba a kwalbar da ba a rubuta suna ba. Wani ɗan kasuwa ya kai kwafi garin Damri. Da Alhaji ya ji, sai ya ce wa ya ba ni izinin fassara.

Alhaji Bawa ba mugu ba ne. Tsoron tuhuma ya fi ƙarfinsa, kuma irinsa suna da yawa a aikin nan, za ku haɗu da su. Amma ni ma ina da nawa laifin, don na karɓi "a'a" sau uku na ci gaba da raba abin da ban sani ba. Ku da kuke fara aiki yanzu, duk abin da ba za ku iya gaya wa manomi illarsa da bakinku ba, ku bar shi a sito, ko wa ya ce ku raba.