Shingayen da Ba Sa Faɗuwa

Shekarata ta farko bayan hidimar ƙasa na yi ta ne a wani kamfanin robobi a Sharada, ina buga takardu a ofishin manajan ma'aikata. Manajan mutum ne mai tumbi da yawan bayani, wanda duk abin da ya kalla sau biyu a wayarsa ya zama gwani a kansa. A shekarar, abin da ya kalla shi ne wata 'yar ƙasar Kyuba, tsohuwar zakarar tseren tsallake shinge wadda ta daɗe da yin ritaya. Ya nuna mana bidiyon har muka haddace shi, sannan ya yanke cewa a wasannin da muke yi kowace shekara da wani kamfanin fatu na Challawa, mata za su yi irin wannan tseren.

"Taku uku tsakanin shinge da shinge," in ji shi, yana dukan tebur. "Uku! Haka muke yi a Kyuba."

Iyakar tafiyarsa, a sanina, Kaduna ce.

Wadda aka zaɓa ta wakilce mu wata mata ce daga Jigawa, a sashen ɗaure kaya. Shekara huɗu tana aikin wucin gadi, irin wanda ake iya sallamar mutum da safe ba tare da an faɗa masa dalili ba. Kowa ya san yadda take tsallake kwatar bakin ƙofar kamfani da damina, kular abinci a hannu, bakin zanenta bai jiƙe ba. Manaja ya yi mata alkawari a gaban mutane: idan ta ci tseren, zai ba ta takardar aiki na dindindin.

"Yallaɓai, a rubuta mana," ta ce.

"Ke, maganata ta fi takarda."

Aikin haɗa shingaye goma aka ba mai waldar kamfani, dattijo ɗan asalin Sharada mai alfahari da hannunsa. Ya samo bututun ƙarfe mai kauri, ya haɗa, ya haƙa ramuka a filin bayan sito, ya dasa ƙafafun da siminti. Na same shi cikin ladabi.

"Baba, a bidiyon, idan ƙafa ta taɓa shingen, faɗuwa yake yi. Da gangan aka yi shi haka."

Ya ɗage gilashin waldarsa ya dube ni. "Wannan aikin maha'inta ne. Tun ba a haife ka ba nake walda, kuma ba abin da na haɗa da ya taɓa faɗuwa. Je ka buga takardarka, ɗan boko."

Ranar Asabar da hantsi aka taru. Kafin a fara, manaja ya ce zai gwada wa matan yadda ake yi. Ya naɗe kaftaninsa, ya ja da baya, ya taho yana ƙirgawa da ƙarfi. A na ukun ya ɗaga ƙafa, amma tumbin bai amince da tashin ba. Ƙarar da ƙaurinsa ya yi a jikin ƙarfen har masu gadi sun ji ta daga ƙofa. Shingen ko motsi bai yi ba.

"Kun gani?" in ji mai walda, cikin jin daɗi.

Aka ɗora manaja a keke napep zuwa wurin mai ɗori. Biyu daga cikin matan Challawa suka ce sun fasa. Tamu ta ɗaure hijabinta a ƙugu a kan dogon wando, ta yi bisimilla. Ba ta ƙirga komai ba. Kowane shinge ta ɗauke shi kamar kwata cike da ruwa, ta tashi sama sosai, ta dira, ta ci gaba. Ta riga kowa isa, da tazara.

Bayan makonni manaja ya dawo yana dogara sanda. Ta shigo ofis ta gaishe shi, ta yi masa jaje, ta tambayi takardarta. Ya buɗe bidiyon tseren da wani ya ɗauka.

"Duba nan. Taku biyar kika yi, a nan ma shida. A Kyuba da tuni an kore ki."

"Yallaɓai, nasara kuka ce."

"Nasara bisa ƙa'ida."

Ta dubi sandarsa. "To ku da kuka yi ukun, Yallaɓai, a ina kuka sauka?"

Na sunkuyar da kai a kan na'urata. Ya ce za a duba maganarta bayan Sallah, bai dai ce wace Sallar ba.

Ba ta jira ba. Shugabar sashen mata ta kamfanin Challawa, wadda ta kalli tseren, ta aiko a kira ta. Ranar da tamu ta zo ɗaukar kayanta ta leƙo ofishinmu da takardar aiki na dindindin mai hatimin can, ta miƙa wa manaja da hannu biyu ta ce ya sa mata albarka. Ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya mayar mata. Tana fita ya umarce ni in buga sanarwa cewa kamfaninmu, ƙarƙashin horarwarsa, ya fara yaye 'yan wasa zuwa waje.