Tururuwa a Hannun Inna

Ranar wata Laraba ce, farkon daminar shekarar da na shiga aji huɗu. Muna ɗebe shanya a tsakar gidanmu na Wunti iska ta taso, ta ɓamɓaro kwanon rufin madafa. Inna, mahaifiyata, ta kai hannu ta tare shi don kada ya faɗa wa ƙanena, sai ya yanke ta a wuyan hannun dama. Inna kuwa mai kitso ce. Tun daga barikin Shadawanka matan sojoji suke zuwa su jeru a tabarmarta, ni ina miƙa mata tsinke da man kitso, ina satar kallon yadda yatsunta ke gudu a kan shuku.

A asibiti aka ɗinke ciwon. Da kunnena na ji likita ya ce jijiyar da ke kai saƙo ga yatsu ce ta tsinke, an haɗa ta, za ta tsiro amma a hankali. Ya ce da zarar ɗinkin ya kama a riƙa motsa yatsun kullum.

Bayan 'yan watanni Inna ta fara cewa tana jin kamar tururuwa na yawo a tafin hannunta. Nan fa gida ya rikice. Gwaggo Asabe, yayar babanmu, wadda ba a musu da ita, ta ce, "Iskar da ta ɗauke kwanon nan ba ta Allah da Annabi ba ce. Ga shi aljanu sun shiga hannun." Aka yi ta hayaƙi har idanunmu suka yi ja. Aka ɗauko mai ɗori daga Miri, ya jera karare ya ɗaure hannun tamau, alhali ko tsagewar ƙashi babu. Na ce likita fa cewa ya yi a motsa. Gwaggo ta ce, "Ke tafi ki wanke tukunya." Na tafi ina kuka, na kankare tukunyar nan kamar ita ta yi mini laifi.

Sai bayan girbi aka kwance. Yatsun sun ƙanƙance, sun sandare, ko tsinken kitso ba sa riƙewa. Matan barikin suka koma wani gida, tabarmar ta zama ta shanyar kuɓewa.

Yau a sashen gashin ƙashi na asibiti nake aiki. Na san jijiyar hannu tana tsirowa daga inda ta yanke zuwa kan yatsu, kuma tsokar da aka bari ba saƙo ba motsi bushewa take. Idan mara lafiya ya ce yana jin tururuwa, murna nake taya shi, amma raina na ɓaci. Inna tana nan, takan zauna ta kalle ni ina yi wa jikarta kitso, tana cewa tsagata ta karkace. Abin da muka yi ta kora da hayaƙi, ashe hannunta ne yake dawowa.