Kwamfutar Yohanna da Abin da Kabiru Ya Mayar da Ita

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Yohanna. Na so in rubuta wannan da sanyin zuciya, amma abin da na gani a watan jiya ya hana ni.

Yohanna mutumin kudancin Gombe ne, maƙwabcina a Kagarawal. Yana da ɗan shago a unguwar Arawa inda yake koyar da kwamfuta. Na'ura ɗaya ce mai ƙarfi gare shi, ga ɗalibai da yawa. Sai ya koyi yadda ake ɗora babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta iri uku a kanta, duka suna aiki lokaci guda, kowace a tagarta a fuskar kwamfutar, kamar na'urori uku daban. Idan ɗalibi ya lalata ɗaya, Yohanna ya yi dariya ya goge ta ya ɗora sabuwa. Ba ya so tsoron ɓarna ya hana kowa koyo.

Bayan jana'izarsa, matarsa Maman Rifkatu ta ba Kabiru na'urar, don shi ne ɗalibin da marigayin ya fi yabo.

Watan jiya wayata ta ƙi aiki, na kai wa Kabiru a ofishinsa na Manawashi. Magidanci ne yanzu, har da tumbi. Na hango tsohuwar na'urar a kan tebur, na matsa cikin murna. A taga ɗaya, wani mai sunan Musulmi yana zagin Kiristocin gari a dandalin sada zumunta. A ta biyu, wani mai sunan Kirista yana ramawa da abin da ya fi muni. A ta uku, wata mata tana rantsuwa wai ta ga ana tara makamai a unguwarsu. Dukansu Kabiru ne.

"Baba, aikin wani ɗan siyasa ne," in ji shi, ko kunya babu. "Kowace taga da nata lambobin, ba a gane mutum ɗaya ne. Ai Oga Yohanna ne ya koya mana."

Na tuna ranar da irin wannan jita-jita ta sa Maman Rifkatu ta kulle shagonta da rana tsaka, ta kwaso 'ya'yanta suka fake a gidana. Me Yohanna zai ce, mutumin da yake dakatar da darasi don ɗalibansa su je sallah, in ya ji an ambaci sunansa a kan wannan ƙazanta?

Ban ɓoye wa Maman Rifkatu ba. Washegari muka je tare. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kabiru, kashe ta. Na zo ɗaukar kayan mijina."

Ya fara kame-kame, ta cire wayar wutar da hannunta. Muka sa na'urar a keke mai ƙafa uku muka dawo.

Na san Kabiru zai sayi wata, wataƙila ya riga ya saya. Ba za a iya ƙwace abin da ke kansa ba, kuma wannan yana ci mini rai har yau. Amma Yohanna ya koyar da wasu. Akwai Hauwa, da ke koyar da 'yan mata a wata makaranta da ba ta da ko na'ura ɗaya. Ita aka kai wa. Ta goge komai, ta ɗora nata, ta roƙi Maman Rifkatu hoton malaminta don ta rataye a ajin.