Allurar da Inna ta hana

Ko na manta komai, ba zan manta abin da ya same mu shekarar da sojoji suka koma bariki ba. Gari yana ta hidimar rantsar da gwamna, mu kuwa a gidanmu na Ƙofar Sauri muna fama da ƙanwata, wadda ta dawo goyon ciki.

Da amai abin ya fara, sai ƙishirwa kamar ta shanye randa. Muka ce laulayi ne ya dawo. Wata safiya ina zizara mata kwalli, na ga farin idonta ya koma ruwan ɗorawa.

"Shawara ce," in ji Inna, mahaifiyarmu. "Kada wanda ya kai mani ɗiya asibiti. Mai shawara in aka yi mashi allura, sai dai gawa."

Duk unguwa haka aka yarda, to wa zai ja da Inna? Aka shiga jiƙe-jiƙe. Ni ke dafa saiwa, ni ke kwashe amai, ni ke wanki, har ƙafafuna suka daina jin ƙasa. Wallahi na gaji. Ran da ƙanwata ta kalle ni ta ce, "Baiwar Allah, ina yayata?" na ajiye ƙwarya, na taro tasi ban nemi izinin kowa ba. Inna ta biyo mu tana faɗa, ko takalmi babu.

Likita ya ce kitse ne ya mamaye mata hanta, ciwon da ba kasafai ake gani ba, wanda kan zo a ƙarshen ciki. Mafita ɗaya ce: a ciro yaron, yau ba gobe ba. Da nas ta matso da allura, ƙanwata, wadda ba ta gane kowa, ta ƙanƙame hannunta a ƙirji.

"Inna ta hana," ta ce.

Sai Inna ta matso, ta kama hannun nan, ta miƙar da shi da kanta. "Na janye, ɗiyata. Bari a yi maki."

Ƙanwata ta sha da ƙyar, bayan doguwar jinya. Yaron kuwa bai zo da rai ba. Har Inna ta koma ga Allah ba ta sake jiƙa wa kowa saiwa ba.

Abin da na koya shi ne, idon mai ciki in ya sauya, asibiti ake nufa, ba randar jiƙo ba. Kuma maganar uwa nauyi gare ta: ƙanwata ta manta fuskata, amma ba ta manta abin da Inna ta hana ba.