Gishirin Lasa a Bayan Sito

Baban Garke bai taɓa ɓoye cewa ba ya jin magana ba. Da bakinsa yake faɗa: "Ni kunnena na ado ne." Shekara talatin yana kula da shanun madara a gonar wani attajiri, saniya arba'in, kowace ya san ta da tafiyarta. A tatsa kam babu mai hannunsa, wannan ba a musu.

Da mai gona ya fara sayo gishirin lasa, jan nan mai kamar bulo da ake haɗawa da sinadarai, likitar dabbobi ta ce a sa wa waɗanda suka haihu, don madara tana kwashe abin da ke jikin saniya. Baba ya ce to. Tana juya baya ya kwashe ya jibge a bayan sito. A ganinsa gishiri ƙishirwa yake sawa, saniya ta ɗirki ruwa, madara ta tsinke. Ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai faɗa ba.

Wata huɗu, wata biyar da haihuwa, shanu shiru, ba sa neman bijimi. 'Yan kaɗan da suka nema, aka kira mai yi musu allurar ɗaukar ciki, wani magidanci mai 'ya'ya uku da ke yawo gona-gona a kan babur. Ya yi, ya sake yi, ciki bai zauna ba.

Baba ya tare shi a gaban masu tatsa.

"Kai ɗan nan, ruwan famfo kake ɗura musu ne? Gurgun bijimi ya fi ka aiki."

Aka kwashe da dariya.

"Baba, ni dai na yi nawa. Me suke ci?"

"Abin da uwayensu suka ci!"

Mai gona ya sallami mai allura. Magana ta zaga, gonaki uku na maƙwabta suka daina kiransa.

Ranar da likita ta dawo, ta tarar da wata saniya tana lasar bango, wata tana tauna tsohon takalmi.

"Baba, ina gishirin?"

Ita da kanta ta gano shi a bayan sito, ruwan sama ya cinye rabi. Da ta zagi Baba da ya fi masa sauƙi. Ɗaukar ɗaya kawai ta yi ta ajiye a komin abincinsu, shanu suka yi ta turereniya a kai, shi kuwa yana tsaye da bokiti kamar an dasa shi.

Bayan 'yan watanni shanu suka fara ɗaukar ciki, a hannun wani sabon mai allura, kowa yana yabon hannunsa. Wannan yabon ne ya hana Baba cin abinci. Ya gaya wa mai gona gaskiya, aka ce masa ai ya wuce. Amma wancan magidanci har lokacin babu mai kiransa.

Wata safiya bayan tatsa ya tara masu aiki, idonsa a ƙasa.

"Duk wanda ya yi dariya ranar nan, ya zaɓi gona ɗaya ya je. Ku ce musu hannun mutumin nan lafiya lau yake, su kira shi. Ku ce ni na ɓoye gishiri. Don Allah kada ku ce 'wani', ku ce Baban Garke."