Lawali da Ruwan Wankin Hannu

Maƙwabciyata Hamsatu ce ta fara ba ni labarin Lawali mai foto, mutumin Damagaram da ya yi shekara ashirin yana ɗaukar bukukuwa a kartiyen Kalley, wato unguwar Kalley. Ƴarsa Sakina ta rasu da zawo tana shekara huɗu, kwana uku bayan wani bikin suna. Likita ya ce masa cutar ta hannu take bi ta shiga baki.

Daga nan duk bikin sunan da aka kira shi, sai ya ɗauki foton kwanon wankin hannu kafin a ci abinci. Foto na farko ruwa fari tas, dattawa na wankewa. Na ƙarshe ruwan ya koma kamar na kwata, kuma a cikinsa yara ke tsoma hannu, tunda su ne ƙarshen layi.

Ranar da ya nuna wa wani alhaji fotunan a wurin biki, alhajin ya miƙe yana huci. "Kai Lawali, ƙazamai ka mayar da mu? Ni da nake alwala sau biyar?"

Lawali ya ce, "Baba, ai da buta kake alwalar. Me zai hana a zuba wa yaran da buta?"

Wallahi a gaban mutane alhajin da ƴan gidansa suka kore shi! Mutumin da ya binne ƴarsa, don ya faɗi gaskiya. Ba su ji tsoron Allah ba?

Yanzu ba mai kiransa biki. Yana bakin kasuwa yana ɗaukar foton da ake liƙawa a takardu, kuma duk macen da ta zo da goyo sai ya nuna mata fotunan kwanon nan.