Tijjani Sai-Na-Duba da Rigar Hidaya

A duk masu shigowa rumfata a kasuwar Talata Mafara, babu wanda ya sha ƙure mini haƙuri irin Tijjani na Garbadu. Sunana Sanusi, gwanjo nake sayarwa tun ina saurayi, kuma na ga masu ciniki iri-iri: mai taya kaya don ya ji bakinka kawai, mai kushe riga alhali ransa na kanta, mai cewa bari ya je ya dawo. Tijjani ya fi su duka. Idan ya ɗauki riga sai ya juya cikinta waje, ya ja ɗinki, ya shinshina, ya kara bakinsa a jikinta ya hura, tafin hannunsa na ɗaya gefen, don ya ji ko iska na wucewa. Kana yi masa magana zai ce, "Dakata, sai na duba." Da haka sunan ya bi shi, har a kasuwar Damri inda yake kai albasa, Sai-na-duba ake kiransa.

Manomi ne ɗan manomi. Shinkafa da damina, albasa da rani a fadamar da ruwan Bakolori ke shiga. Bai yi boko ba, bai tara dukiya ba, amma ba a taɓa sayar masa da taki mai haɗi da yashi ba, ba a taɓa liƙa masa tsohon injin ban ruwa da sabon fenti ba. Abokansa na yi masa tsiya cewa ko matarsa Husaina sai da ya juya cikinta waje kafin ya biya sadaki. Yakan yi dariya. Ni ma ina cikin masu dariyar, sai wata rana ya ce mini, ba da wasa ba, "Abu guda ne ban duba ba, Sanusi. Jini. Lokacinmu wa as san ana duba jini?"

'Ya'yansu biyu na fari sun rasu suna ƙanana, hannu da ƙafa a kumbure, suna kuka ba a san inda ke musu ciwo ba. Aka ce iska ce, aka ce wabi ne, aka sha rubutu da saiwoyi. Sai a kan ta ukun, Hidaya, wani likita a nan Mafara ya faɗa musu sunan abin: sikila. Ya ce a yawaita ba ta ruwa, a kiyaye ta daga sauro, kuma a tsare ta daga sanyi, don sanyi na tayar da ciwon. Tijjani ya riƙe wannan ta ƙarshen da hannu biyu. Sauro da ruwa ya bar wa Husaina. Sanyi kuwa ya ɗauke shi abokin gaba, ya kuma rantse ba zai bari ya ɗauke masa ta uku ba.

Abin da ya kawo shi wurina ke nan. Kowace shekara, kafin a gama yankan shinkafa, kafin kowa ya tuna da ɗari, zai iso. "Ba a fafe gora ranar tafiya," in ji shi. Kuma bai taɓa sayen riga daidai jikin yarinyar ba. Kullum da girma yake saye, a naɗe hannu, Husaina ta kama da zare. Da farko na ɗauka rowa ce irin ta iyaye, a sayi ɗaya ta yi shekara uku. Daga baya na gane wani abu ne daban. Duk rigar da ya saya da girma, alkawari yake ɗaukar wa kansa cewa yarinyar za ta rayu har ta cika ta.

Shekarar da Hidaya ta kai goma, na sari wata dila daga Kano ba tare da na san abin da ke ciki ba, yadda dai muke yi. Da na yanke igiya, sai ga riguna masu kauri duk launi ɗaya, ruwan lemo, kowace da lamba ƙatuwa a baya. Ga wanduna masu igiyar ratayawa a kafaɗa, ga safar hannu kamar ta masu dambe, ga tabarau mai faɗi irin na mai walda. Raina ya ɓaci. Na kira wanda ya sayar mini na zazzage masa. Ya ce in kwantar da hankalina, kayan wasan zamiya ne a kan ƙanƙara, na haya ne daga irin wuraren da marasa ƙarfin Turawa ke zuwa, waɗanda ba su iya sayen nasu. In sun tsufa a tattara a turo mana. Ya aiko mini da hoton bidiyo a waya, mutane na gangarowa daga dutse fari fat, suna faɗuwa suna dariya.

Na nuna wa Tijjani don mu yi dariya tare. Bai yi ba. Ya kalla har ƙarshe, ya ce in sake kunnawa.

"Kana nuhin kuɗɗi suka biya su tai wurin ɗari?"

Na ce haka aka ce mini.

"Ikon Allah. Ni ina kashe kuɗɗi ina gudunai, su suna kashewa suna biɗatai." Sai ya nuna wani da ya faɗi yana birgima. "Wanga da yat tashi, jikinai bai jiƙa ba?"

Ranar na ga dubawa. Ya ɗauki butata ya tsiyaya ruwa a kan rigar, ruwan ya gangare bai shiga ba. Ya hura, iska ba ta wuce ba. Ya zuge zif sama da ƙasa har na ce zai biya in ya lalace. Ya zura hannunsa ɗaya a ciki ya fita ya tsaya a rana tsaka, mutane na kallonsa, har gumi ya riƙa ɗiga daga yatsunsa. Ya ware waɗanda gwiwar hannunsu ta goge, ya ce waɗannan sun sha haya. Ya zaɓi wadda ba ta sha wuya ba, ta manya, wadda ko ni za ta shige ni. Sannan aka shiga ciniki. Ya taya, na ce albarka. Ya tafi, ya dawo. Ya ƙara abin da bai kai ya kawo ba, na sake cewa albarka. Sai da la'asar ta yi na sallama masa, da wandon da safar hannun, don kawai in huta. Yana ɗaure su a bayan babur yana cewa, "Abin da anka yi don mai birgima cikin ƙanƙara, ɗarin Garbadu ba ya iya mai komi."

Gaskiyarsa kuwa, rigar ta yi aiki. Shekarun da suka biyo baya ciwon bai cika kwantar da ita a lokacin ɗari ba. Tijjani ya daina sayen sabuwa, amma bai daina zuwa ba. Yakan zauna a kan dila ya ba ni labari: bana an warware naɗi ɗaya, bana Hidaya ta sauke izu kaza, bana ta shiga sakandare. Masu wannan ciwo ba su girma da wuri, don haka rigar ta daɗe tana jiran ta. Bai damu ba. Yana faɗin "an warware naɗi" kamar mai ba da labarin haihuwa.

Abin da bai faɗa mini ba, don bai ɗauke shi komai ba, shi ne yadda yarinyar take ji. Ni kaina ban sani ba sai ranar da ya zo da ita rumfata, sun fito daga ganin likita, a farkon ɗarin shekarar da ta cika sha bakwai. Siririya ce, idanunta da ɗan rawaya, mai fara'a. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi iyali, ta tambayi kasuwa. Hijabi ne a kanta, rigar lemon na ciki, ta yi fam kamar an kifa rumbu. Na ce, "Ke ce Hidaya mai rigar Turawa?"

Ta ce, "Kawu, ba haka suka ce man ba. 'Yar kwana-kwana suka ce man. In na tuɓe hijabi kuma su ce ga mai lamba ta zo."

Ta faɗa tana dariya, amma idonta na kan wata riga da na rataye a gaba. Ruwan hoda ce, mara nauyi, da ɗamara a ƙugu da gashi-gashi a wuya da maɓallai masu ƙyalli. Irin wadda 'yan mata ke saye don hoto. Ni da nake sayar da ita na san ba ta tare komai. Hidaya ta taɓa wuyan rigar da yatsa, ta dubi ubanta.

"Baba, wagga hwa?"

Tijjani ya sauke ta. Ya juya cikinta, ya hura, ya girgiza kai. "Ji iska na wucewa awa rariya. Wagga ba riga ba ta, ɗiyata. Araha ba ta ado."

"Daidai jikina ta, Baba. Ban taɓa sa wadda ad daidai jikina ba."

"Shi na aibinta. Baɗi ta yi miki kaɗan, an yi asara."

Ta sunkuyar da kai ta ce to. Ba ta yi gardama ba, ba ta yi kuka ba. Na ji haushin Tijjani ƙwarai a ranar. Na ce ya ɗauka in yi masa ragi, ya ƙi. Na ce ya ɗauka kyauta, ya ce ba kuɗin ne ba, in ta same ta za ta ajiye mai kaurin, kuma ɗari bai san kwalliya ba. Mutumin da ya binne biyu, ba ni zan koya masa tsoro ba. Na mayar da rigar na rataye.

Ɗarin ya zo ya wuce lafiya. Ko ciwon kai ba ta yi ba. Na kwashe kayan sanyi na cusa a buhuna na kai shago, na fito da ƙananan riguna. Zafi ya shigo irin na Mafara, wanda ko ƙadangare ke neman inuwa.

A tsakiyar wannan zafin, wata ranar da ba ta kasuwa ba, wajen sha ɗaya na rana, na ga Tijjani tsaye a bakin rumfa. Bai yi doguwar gaisuwar da ya saba ba. Hularsa a karkace, leɓensa a bushe.

"Rigar nan mai ɗamara. Tana nan?"

Na ce wace riga a wannan zafin? Sai na dubi fuskarsa, na gane ba lafiya ba. Ya ce Hidaya na asibiti, ciwon ya tashi mata a ƙirji, an ƙara mata jini bai zauna ba. Ya ce da safe ta buɗe ido ta tambaye shi ko Kawu Sanusi ya sayar da rigar.

Na rufe rumfa muka tafi shago. Ban tuna buhun da na sa ta ba, ban ma tabbata ba a saye ta ba. Muka riƙa zazzage buhuna a ƙasa, gumi na zuba mana, riguna ruwan lemo da suka yi kwantai na faɗowa a kan ƙafafunmu yana ture su gefe. Ina addu'a a zuciyata kada ya zama na sayar. A can ƙasan wani buhu muka same ta, ta yamutse, maɓalli ɗaya ya fita.

Ya karɓa. Bai juya cikinta ba, bai hura ba, bai tambayi nawa ba. Ya zaro abin da ke aljihunsa ya danna mini a hannu, na ce ya bari, ya riga ya kai ƙofa. Shekara da shekaru ina fatan ranar da Tijjani zai sayi abu bai duba ba, da ranar ta zo kuma sai na zauna a kan buhu na yi kuka.

Washegari aka aiko mini cewa Allah Ya yi mata rasuwa.

Na je Garbadu ta'aziyya ran sadakar uku. Yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida, ya rame, mutane na zuwa suna tafiya. Na yi masa gaisuwa, na ce ya haƙuri, ya ce haƙuri sai ma'aiki, Allah Shi ba da lada. Da aka ragu ya matso kusa da ni. Ya ce da ya kai mata rigar, Husaina ta tayar da ita zaune ta sa mata, a cikin zafin nan, fanka ma ba ta juyawa. Ta ɗaura ɗamarar da kanta. Ta roƙi wata ma'aikaciyar jinya ta ara mata waya ta kalli kanta, ta gyara wuyan, ta tambayi uwarta ko ta yi kyau. Da aka ce ta tuɓe kada zafi ya dame ta, ta ƙi.

"Daga azahar zuwa la'asar tas sa ta," in ji shi. "Ke nan. Amma wallahi Sanusi, tun da nike sayen kaya, ban taɓa sayen abin da yab biya kuɗɗinai awa rigag ga ba."

Na ce Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Ya ce amin. Ya riƙa murza bakin tabarma da yatsa.

"Ɗari guda cur tana rataye ga rumhwarka," ya ce. "Ɗari guda cur, kuma lahiyarta lau. Da ta sa ta ta tai makaranta, ƙawayenta sun gani."